Ɗakin Kwamfutocin Kawu

Kawu, yayan mahaifiyata, ya koma ga Ubangijinsa a ƙarshen damina, lokacin da dawa ta fara nauyin kai a gonakin bakin tur'a, wato magudanar ruwan noman rani. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu. An kai shi da hantsi, kafin azahar an kafa rumfar makoki a ƙofar gida. Maza suka cika ta, mu mata muna ciki muna dafa shayi muna karɓar gaisuwa. Katangar gidan gajera ce, don haka duk abin da aka faɗa a rumfa yana faɗo mana tsakar gida.

Mutum zai shigo ya ɗaga hannuwa a yi Fatiha, ya ce albaraka fikum, yadda ake ta'aziyya a nan, ya sami wuri ya zauna. Daga nan sai a shiga neman abin faɗi game da mamacin, a nan ne na ji mutanen garinmu sun rasa ta cewa. Wani tsoho ya ce, "Allah shi jiƙan shi, gwanin gyaran rediyo ne." Wani ya ce ba rediyo ba ne, talabijin ne. Liman ya ce shi dai abin da ya sani, sahun asuba bai taɓa rasa shi ba. A cikin gida wata maƙwabciya ta ce tun da matarsa ta rasu ya shige ɗakin nan na ƙarafuna, bai sake zama mutum cikin mutane ba. 'Ya'yansa biyu suna Jidda, ba su sami zuwa ba. Sun bugo waya sun yi kuka da Larabci, aka riƙa miƙa wayar daga hannu zuwa hannu.

Washegari wani makaho ya iso daga wajen Rusairis, matarsa na riƙe da bakin sandarsa. Babu wanda ya san shi. Bayan Fatiha ya ƙi zama a rumfa, ya ce a kai shi ɗakin da marigayi ke aiki. Ni na buɗe masa. Ya lalubi teburin da tafin hannu, ya shafa madannan wata kwamfuta, sai ya fashe da kuka irin na wanda ya rasa ɗan'uwa ciki ɗaya. Mutane suka leƙo suna tambayar juna ko wane ne.

Da yamma Inna, mahaifiyata, ta kira ni gefe. Idonta ya kumbura. Ta ce, "Ni ƙanwa tai ce, katanga guda ta raba mu, amma ban san mi shika yi cikin ɗakin can ba. Ke kika zauna da shi. Ki rubuta, kar jikokinsa su tashi su ce mai gyaran rediyo ne."

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ni malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata ta Hajj Abdalla, ƙauyenmu bai da nisa da can. Mijina ya yi shekaru yana aiki a Libiya, ni da yara muna gidan Inna, kuma a waɗannan shekarun ne na saba leƙa ɗakin Kawu in na dawo daga makaranta.

Kakan Kawu da ƙafa ya zo ƙasar nan ta bakin kogin Nilu daga wajen Sakkwato, mahaifinsa kuwa a tsinkar auduga ya tsufa. Shi kaɗai a gidan ya yi makarantar sana'a, ya sami aiki a ofishin noman rani yana kula da wayoyin ƙaramin jirgin ƙasan da ke jigilar auduga. Da aka kawo kwamfutoci ofishin a shekarun casa'in, shi aka ɗora a kansu, don shi ne ba ya tsoron kwance murfi ya ga abin da ke ciki. Da aikin ya ja baya aka sallami ma'aikata, ya dawo gida da tsofaffin kwamfutocin da za a zubar, cike da bayan wata motar auduga. Ba a daɗe ba matarsa ta rasu, yaran suka haye teku neman aiki. Ya rage shi kaɗai a gida mai ɗaki huɗu. Ya ba wani hawasharsa, wato gonar da aka yanka masa a aikin noman, ya riƙa noma suna rabawa. Wannan ya ɓata wa Inna rai har ƙarshen rayuwarsa. Kullum da rana takan miƙa masa tiren abinci ta kan katanga tana mita. "Yaya, mutane na gona kai kana gadin ƙarhe." Shi kuwa ya karɓa ya ce, "Allah shi yi albarka," ya koma ciki.

Ga abin da yake yi a ciki, gwargwadon yadda ya koya mini. A tsarin da ke tafiyar da kowace kwamfuta akwai wani ɓangare da ke farkawa kafin komai, shi ne mai magana da ƙarfen kansa: faifai, madannai, allo, lasifika. Da Larabci ana ce masa nawa, wato ƙwallon dabino. Kawu ya ce tunda muna da kalmar a bakinmu, shi ƙwallo zai riƙa cewa. Tsarin da yake amfani da shi na kyauta ne, mutane daga ƙasashe dabam-dabam ke haɗuwa suna rubuta shi, kowa na iya buɗewa ya karanta. Amma ƙwallon da ke zuwa a faifai an yi shi ne don sababbin kwamfutoci, ya yi wa tsofaffin nasa nauyi, sai su riƙa ja kamar jakin da aka yi wa lodi biyu. Saboda haka yake gina wa kowace nata ƙwallon, daidai ƙarfinta, sannan ya kai ta wata makaranta ko ɗakin shan magani a ƙauyukan da ke tsakaninmu da Dindir.

Ginin yana farawa ne da wani shuɗin allo mai jerin zaɓuɓɓuka, shafi cikin shafi, ba su ƙarewa. Wanda kake so ka sa masa tauraro, wanda ba ka so ka bar wurinsa fanko. In ya gama zaɓe sai ya bar kwamfutar tana haɗa abin, shi yana kiran wannan dahuwa. Takan ɗauki tun safe har la'asar. A wannan jiran yake soya bunnu, wato 'ya'yan gahawa, a ɗan kasko, ya daka da citta, ya dafa a jabana, ɗan tulun gahawa na yumɓu, ya zauna bakin angarib, gadonsa na igiya, yana kurɓa yana kallon rubutu na gudu a allo. In wuta ta ɗauke a tsakiya ba ya tsaki. Sai ya ce, "Kahraba ta tahi sallah," ya ɗauki buta shi ma.

Ran da na fara zama kusa da shi, na ga yana neman wani zaɓi a shafin da ya ce nan yake, amma babu shi. Na ce ko an cire shi ne. Ya ce, "A'a, Ustaza." Haka yake kirana in yana cikin nishaɗi. "Shina nan, ɓoye shike. Akwai wanda ya dogara gare shi, ni kuwa na kashe wancan. Sai na kunna shi sannan wanga shi bayyana." Ya koma wani shafi can nesa, ya sa tauraro ɗaya, ya dawo, sai ga zaɓin ya fito kamar da ma yana nan. Ya ce, "In abu ya ƙi, kar ki tambaye shi mi ya hana shi. Tambaye shi mi shika jira." Akwai wata maganar da yake yawan maimaitawa in yana rage wa ƙwallo nauyi: "Kashe abin da ba ki buƙata, amma ki fara sanin wa ke tsaye bisa kansa." Dubban zaɓuɓɓukan nan ya san danginsu kamar yadda tsofaffin mata suka san wa ya haifi wa a gari. Sai dai babu wanda zai yi hirar da shi. In ya fita bakin masallaci ana zancen rabon ruwa da tsutsar auduga, yakan zauna ya saurara, ya yi murmushi, ya tashi.

Makahon nan da ya zo makoki, a layin asibitin ido na Madani suka haɗu. Kawu ya je a duba masa hazo-hazon da ya fara gani, shi kuwa mutumin ciwon suga ya riga ya cinye masa idanu biyu. Da can magatakarda ne, mai son karatu. Ya ji Kawu ya amsa waya da Hausa, ya ce, "Bawan Allah, daga wane gari?" Kafin layi ya zo kansu ya gaya masa abin da ya fi damunsa: ba duhun ba ne, a'a, sai ya jira wani ya sami sukuni kafin a karanta masa ko layi ɗaya. Kawu ya ce masa, "Zan kawo maka na'urar da za ta yi maka karatu." Ya dawo gida yana faɗa mini, na ce, "Kawu, ka taɓa yin irinta?" Ya ce bai taɓa ba.

Ya zaɓi wata kwamfuta mai tsohon katin sauti, ya kunna zaɓin da ke tafiyar da katin, ya sa dahuwa. Can da rana abin ya tsaya da kuskure. Ya sake, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Kwanaki yana bin sawu, har Inna ta riƙa karɓar tirenta yadda ta miƙa shi. Da ya gano, sai na same shi yana zagaye ɗaki hannu a baya, rai a ɓace.

Ya ce dokokin da ke ɗaure zaɓuɓɓukan nan iri biyu ne. Akwai mai cewa wannan ya dogara ga wancan, ba zai fito ba sai an kunna wancan. Akwai kuma mai cewa in an kunna wannan, ya jawo wancan ya kunna shi da ƙarfi, ko an so ko ba a so ba. Mutumin da ya rubuta sashen katin sautin ya yi amfani da ta biyun. To wanda aka jawo ɗin shi ma yana da abin da ya dogara gare shi, kuma dokar jawowa ba ta duba wannan. A kwamfutocin yawancin mutane abin na ukun a kunne yake, ba wanda ya lura. Kawu kuwa ya kashe shi don rage nauyi, sai ginin ya rushe. "An ɗora rufi babu bango," in ji shi. "Kuma ba a hwaɗa ma kowa ba."

Gyaran a wurinsa tauraro ɗaya ne, ya sa shi, dahuwa ta kammala. Amma ya ce ba zai bar wani ya faɗa ramin ba. Lokacin babu intanet a ƙauyenmu. Ranar Alhamis ya sa farar jallabiyarsa, ya hau bas zuwa Madani, ya shiga shagon intanet cikin samari masu hira da 'yan mata, ya rubuta wa mai sashen wasiƙa da Turancinsa na ma'aikatan jirgin ƙasa, mai yawan ladabi da dogayen gaisuwa. Ya ce a canza dokar ta koma ta dogaro.

Alhamis ta gaba ya dawo da amsar a takarda, yana karantawa yana juya mini da Hausa. Layi uku ce, babu ko sallama. Mutumin ya ce a'a. In aka mai da ita ta dogaro, zaɓin zai ɓuya, mai katin zai neme shi ya rasa, ya ɗauka ba a san da katinsa ba. Ya ce mutum ɗaya mai kashe abubuwa barkatai ba zai sa a wahalar da sauran ba. Kawu ya ce, "Barkatai! Ni! Ya zol, kai mutumin nan, ko gaisuwa ba ta kai ba?" Ya rantse ba zai sake rubuta masa ba. Ranar Alhamis na gan shi a bakin titi da farar jallabiya yana jiran bas.

Sun yi watanni suna wannan ja-in-ja. Ana cikin haka na'urar makahon ta kammala. Muryarta kamar kwaɗo a cikin jarka, Larabcinta duk a karye, amma tana karantawa, kuma ya cika ta da karatun Alƙur'ani da wa'azin Hausa da mutum zai zaɓa da madannai ba sai ya gani ba. Ya naɗe ta da bargo, ya hau bayan babbar mota da ita a kan cinya, ya nufi Rusairis da niyyar kwana biyu. Ruwan farko ya sauka a bayansa, hanya ta zama taɓo, ya maƙale a can makonni yana koya wa mutumin inda kowane maɓalli yake.

A wannan tsakanin ne abin ya faɗo kaina. An aiko wa makarantarmu da bayanan rajistar jarrabawar 'yan aji na ƙarshe a filashi, aka ce a cike a mayar kafin a rufe. Filashi sabon abu ne a wurinmu lokacin. Na soka shi a kwamfutar da Kawu ya ba makarantar, ko motsi ba ta yi ba. Shugabar makaranta na tsaye a kaina, 'yan mata na leƙe ta taga, wasunsu iyayensu sun yarda ne da ƙyar su kai wannan ajin, in shekarar ta wuce su ba za a sake barinsu ba. Na ce zan iya. Na buɗe shuɗin allon nan yadda na ga yana yi, na shiga shafin da ya kamata, na nemi zaɓin filashi. Babu. Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. Na san yana jiran wani abu ne, amma babu abin da ya gaya mini ko mene ne. Wayar Kawu ba ta shiga. A ranar ƙarshe na kwashi takardun na hau bas zuwa Madani, na yi aikin a shagon intanet, na miƙa ana shirin rufe ofis.

Ya dawo a rame, zazzaɓi ya sha shi, amma fuskarsa fal murna. Ban bar shi ya gama ba ni labarin makahon ba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ya duba ya ce zaɓin filashin ya dogara ne ga wani sashe na manyan faifan ofisoshi, shi kuwa ya kashe shi tun da daɗewa don babu mai irinsu a ƙauye. Na ce, "To wa zai yi tunanin filashi na da alaƙa da wannan? Kawu, dokar taka ta dogaro ita ta ɓoye mini shi. Mutumin can da kake faɗa da shi gaskiya gare shi." Ya ɗauki jabana ya ga babu komai a ciki, ya ajiye. Sai ya ce, "Yaran sun samu shiga?" Na ce sun samu. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Tahi gida, Ustaza."

Kwana biyu bai kira ni ba. Ran na uku ya leƙo ta kan katanga ya ce in zo in ga wani abu. Ya rubuta sabuwar wasiƙa, gajera. Ya ce wa mutumin su duka biyu suna da gaskiya. A mai da dokar ta dogaro don gini ya daina rushewa, amma a wurin da zaɓin zai ɓuya a bar layi ɗaya a fili mai cewa: in kana neman katin sauti kaza, fara kunna abu kaza. Amsar ta zo da kalma biyu da ke nufin ya yarda, a ƙasa kuma, karon farko, mutumin ya tambaye shi a wace ƙasa yake, kuma me yake yi da kati mai wannan tsufa.

Da sabon ƙwallo ya fito, Kawu ya sauko da shi a Madani ya kawo gida, ya kashe abin na ukun da gangan don layin ya bayyana, ya sa yatsa a allo ya ce, "Dibi." Layi ɗaya ne cikin dubbai, da Turanci, babu sunansa a jiki. Ya sayo basta, wani kayan zaƙi, a Hajj Abdalla ya kai bakin masallaci bayan la'asar, ya yi ƙoƙarin bayyana musu dalili. Suka ce mabruk, wato barka, suka ci, wani ya tambaya ko Turawan za su aiko masa da mota. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya dawo da sauran a takarda ya ba yarana.

Daga nan shi da mai sashen suka zama abokai, in za a kira abin abota. Bai taɓa ganin fuskarsa ba. Abin da ya sani shi ne tsoho ne da ya yi ritaya a wata ƙasa mai sanyi, yana kiwon zuma, kuma shi ma matarsa ta rasu. Duk lokacin da aka taɓa wata doka da ta shafi sashen, mutumin zai aiko ya ce a gwada masa, don katin da ke hannunsa ya mutu, na Kawu ne suka rage masu rai. Kawu zai gina ƙwallon ta fuska dabam-dabam, wannan a kunne wancan a kashe, ya aika da sakamako. A ƙasan kowace wasiƙa sukan ƙara layi biyu: ruwan Nilu ya ƙaru bana, ƙudan zuma sun fita da wuri. Da intanet ta iso ƙauye ta wayar hannu ya daina zuwa Madani, sai wasiƙun suka zama abin da yake fara dubawa in ya dawo daga asuba. Waɗannan shekarun ne na fi ganinsa da walwala.

Sai wasiƙun suka tsaya. Babu sallama, babu bayani. Kawu ya rubuta, ya sake rubutawa, ya tambaya a dandalin da masu aikin ke haɗuwa, wani ya ce shi ma ya daɗe bai ji ɗuriyarsa ba. Ba mu taɓa sanin abin da ya same shi ba. Bayan wani lokaci aka sa wa sashen alamar cewa ba shi da mai kula, aka ce in ba a sami wanda zai ɗauka ba za a cire shi. Kawu ya so ya ce shi zai ɗauka, amma lokacin idonsa ya yi nisa, harafi sai ya kai girman ɗan yatsa yake ganinsa. Ni na karanta masa sanarwar cirewar. Sashen ya tafi, layin nasa ya tafi tare da shi. Ya ce, "To, ai dole. In an cire wanda aka dogara gare shi, ba a barin mai nuni zuwa gare shi." Ya ce in ajiye tsohon ƙwallon a faifai biyu, saboda na'urar mutumin Rusairis.

Babban ɗansa ya zo hutu a shekarar, ya ga yadda yake lalube, ya ce zai tafi da shi Jidda a yi masa aikin ido ya zauna a can. Kawu ya ce a yi aikin dai, amma zama a'a. "Da wa zan yi magana can?" Ɗan ya ce, "Baba, nan ɗin da wa kake magana?" Ina wurin. Ɗan da kansa ya sunkuyar da kai, ya san maganar ta yi nauyi. An yi aikin a Madani, bai yi wani amfani ba.

A shekararsa ta ƙarshe ni ce idonsa. In wata makaranta ta aiko da kwamfutar da ta ƙi, zan zauna gaban shuɗin allon ina karanto masa zaɓuɓɓuka, shi yana kwance bisa angarib ido a rufe yana cewa kunna, kashe, bar shi, koma baya wancan na jiran wani. Da wuya ya yi kuskure. Sababbin zaɓuɓɓukan da bai sani ba kuwa sai ya ce in karanta masa abin da suka dogara gare shi, daga nan ya gane ko su wane ne. Wani lokaci muna tsakiyar aiki zai ce, kamar abin bai dame shi ba, "Diba mini akwatin wasiƙa, ko wani ya rubuto." In duba in ce babu. Ya ce, "Ma'alesh, ba komi. Ci gaba."

Ciwon ajalinsa zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Inna ta dawo da shi ɗakinta ta yi jinyarsa, a hannunta ya cika bayan sallar asuba, da kalmar shahada.

Bayan arba'in 'ya'yansa suka zo suka buɗe ɗakin. Ba su san abin da za su yi da kayan ba, ni ma ban ga laifinsu ba. Kwamfutoci masu aiki muka raba wa makarantu, matattun wani mai amalanke ya kwashe. Na roƙi ɗaya, wadda ya fi zama gabanta, suka ce in bar ta inda take tunda ba mai shiga gidan. Suka kulle ƙofar waje suka ba ni makulli suka koma.

Wata rana na dawo daga makaranta da tsakar rana, na sami Inna zaune bisa tabarma a gindin katangar, ba ta kwanta ba kamar yadda ta saba. Na ce ko jikin ne. Ta ce a'a. Ta yi ta juya carbi, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ƙarhen nan da kika bari, shina tashi?" Na ce yana tashi. Ta ce, "Tahi ki tashe shi." Na tambaye ta me za ta yi da shi. Ta ce shekara da shekaru in ta kwanta da rana a nan, tana jin wani ɗan gunji ta cikin bango, siriri, ba ya tsayawa. Da shi take sanin Yaya na ciki, lafiya lau, sai barci ya ɗauke ta. Tun da aka kashe shi ba ta sake runtsawa da rana ba.

Na ɗauki makulli na zagaya. Ɗakin ya yi ƙura, babu komai sai kwamfutar bisa teburin, da kujerarsa da angarib ɗin. Na danna maɓalli, fankar ciki ta ɗauka, fararen layuka suka fara gudu a baƙin allo, ƙwallon da ya gina da hannunsa yana kiran sassan jikinta ɗaya bayan ɗaya suna amsawa. Na zauna a kujerarsa har ta gama tashi. Babu abin da zan yi da ita, na bar ta a kunne na jawo ƙofa.

Da na koma gida Inna ta kwanta, fuskarta na kallon bango, mayafi a kanta. Na ɗauka ta yi barci, sai na ji ta ce a hankali, "Bar shi hakanan har la'asar."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya ba shi abokan zama na gari a inda ya tafi. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.